Fareti da Ƙofar Jami'a: Wace Riba Sojan Makaranta Ke Ci?

Jawabin da aka yi a taron hutu na ɗalibai 'yan birnin Zariya



An ɗora mana nauyin yin magana a kan wata tambaya wadda ta daɗe tana zagaya zaurukan birnin nan, musamman ma idan lokacin cika takardun neman shiga jami'a ya zo. Tambayar ita ce: yaron da ya yi horon soja a makarantar sakandare, ko dai a ƙungiyar kadet ko kuma a makarantar soja sukutum, shin wannan horo yana buɗe masa ƙofar jami'a, ko kuwa yana tare masa hanya? Mun karɓi wannan aiki ne ba don mun fi kowa sani ba, sai don abin ya taɓa mu a gida.

A hutun da ya wuce wani dattijo a unguwarmu, can wajen Ƙofar Kuyambana, ya aika aka kira mu zaurensa. Bayan mun gaisa ya ce, "Ku da kuke Samaru, ku faɗa mini gaskiya. Ƙanenku shekara uku ke nan yana fareti a makaranta, har an ba shi igiya biyu. An ce mini masu kaki ba su shan wahalar samun gurbi. Haka ne?" Muka ce, "Baba, a ba mu lokaci mu bincika." Mun san amsar a ranar, amma mun ji nauyin faɗinta a gaban yaron, wanda ke tsugune a bakin ƙofa yana murmushi. Abin da muka kasa faɗi a zaure shi muka kawo wannan taro.

Kafin mu ga laifin dattijon nan, ya kamata mu tuna inda ra'ayinsa ya samo asali, domin ba daga iska ya tsinto shi ba. Babu wani gari a Nijeriya da makaranta da bariki suka yi maƙwabtaka irin ta Zariya. Tun 1924 ake horar da kuratan soja a Dafo. A 1949 aka dawo da kwalejin da aka kafa a Katsina a 1921 zuwa nan, bayan ta yi zango a Kaduna, ita ce wadda daga baya aka raɗa wa suna Barewa. A 1954 Turawan mulki suka buɗe wata 'yar makaranta a cikin bariki da yara 30 kacal, don a rene su su zama ƙananan shugabanni da masu sana'a a rundunar soja, ita ce ta zama Makarantar Soja ta Nijeriya a 1960. Sa'an nan a watan Oktoba na 1962 aka buɗe Jami'ar Ahmadu Bello a Samaru. Duk waɗannan a bayan ganuwa suke. Mutumin birni yana zaune cikin gari da makarantunsa na allo da na zaure da kuma Alhudahuda, yana kallon kaki da rigar digiri suna wucewa ta Ƙofar Doka, har ya ɗauka abu ɗaya ne.

A wancan zamani kuwa kusan abu ɗaya ne. Zakariya Maimalari, ɗaya daga cikin 'yan Nijeriya na farko da suka sami horo a Sandhurst ta Ingila, ɗalibin wannan kwaleji ne. Yakubu Gowon daga can ya shiga soja a 1954. Murtala Muhammed ɗan kadet ne a Barewa, ya gama a 1957, ya shiga soja a 1958, shi ma ya wuce Sandhurst. Har zuwa 1960 jami'a ɗaya tak ce a ƙasar nan, watau ta Ibadan. Soja kuwa da takardar sakandare suke ɗauka, su kai mutum ƙasar waje, ya dawo da anini a kafaɗa da albashi mai kauri. Da aka shigo da tsarin rabon guraben hafsoshi a 1961, lokacin Alhaji Muhammadu Ribaɗu yana Ministan Tsaro, aka ba Jihar Arewa rabi, Gabas da Yamma kowacce kashi ɗaya cikin huɗu, sai manyan Arewa suka shiga bin makarantu suna lallashin yara su shiga soja. Ajin da ya fita daga sakandaren Bida a 1962 ya isa misali, domin daga cikinsa aka sami Ibrahim Babangida da Abdulsalami Abubakar da Mamman Vatsa. Kakanninmu da iyayenmu sun ga haka da idonsu. Sun ga yaron da ya iya taka fareti ya zama gwamna, ya zama shugaban ƙasa, alhali sa'ansa mai digiri yana biye da shi riƙe da fayil. In sun gaskata cewa kaki mabuɗi ne, da hujjarsu.

To amma a lura da kyau, ko a wancan lokaci ƙofar da kaki ya buɗe ta bariki ce. Kadet bai kai kowa Ibadan ba. Abin da ya yi shi ne ya ɗauke wa jami'a waɗansu haziƙan yara waɗanda da sun tsaya da sun isa can. Arewa ta sami hafsoshi, ta rasa waɗansu likitoci da injiniyoyi, kuma har yau ana iya muhawara a kan ko cinikin ya yi riba. Mu dai ba za mu yanke wannan hukunci a yau ba.

Bari mu dawo kan yadda ake shiga jami'a a zamaninmu, domin a nan ne amsar take. Tun 1978 aka kafa hukumar JAMB aka danƙa mata shirya jarrabawar shiga. Ɗalibi yana rubuta fanni huɗu, Ingilishi dole ne a ciki, jimlar maki 400, kuma tun 2015 a kan kwamfuta ake yin ta gaba ɗaya. Bayan wannan sai an ga kiredit biyar a jarrabawar gama sakandare, har da Ingilishi da Lissafi ga akasarin kwasa-kwasai. Sa'an nan jami'a ta yi tata tantancewar, abin da aka fara tun 2005. Idan an zo rabon gurabe a jami'o'in Gwamnatin Tarayya, ƙa'idar da aka sani ita ce kashi 45 cikin 100 a bi cancanta zalla, kashi 35 a ba jihohin da ke kewaye da jami'ar, kashi 20 kuma a ba jihohin da aka bari a baya a ilmin boko. Mun bi wannan hanya dukanmu da ke nan. Wanda ya taɓa ganin wani layi a cikin fom inda aka tambaye shi igiya nawa ya samu a kadet, ko sau nawa ya yi tattaki zuwa Kufena, ya ɗaga hannu. Babu. Kwamfutar da ke jera sunaye lamba take karantawa, ba ta san samanjan makaranta ba, ba ta san wanda ko hagu da dama bai bambance ba.

Har makarantar horar da hafsoshi ta Kaduna, watau NDA, wadda aka kafa a 1964 ta kuma fara karatun digiri a 1985, ba ta tsira daga wannan tsari ba. Mai son shiga can sai ya rubuta JAMB kamar kowa, ya kai makin da suka yanka, ya ci jarrabawarsu ta tantancewa, kafin a kira shi gaban kwamitin zaɓe inda ake awon lafiya da tsayi da gudu da magana. A wannan mataki na ƙarshe lalle ɗan kadet yana da abin da zai nuna: ya saba da tashin asuba, ya san yadda ake tsayawa gaban babba, gudu ba ya ba shi tsoro. Amma sai ya haye kogi biyu na alƙalami kafin ya kai inda ƙafarsa za ta yi masa amfani. Ko a can ma da sa'o'insa na jiharsa yake takara, domin jiha-jiha ake raba guraben.

Waɗansunmu sun karanta yadda abin yake a Amurka, kuma muna zaton daga can ne rabin wannan jita-jita ta fito, ta hanyar waya da intanet. Gaskiya ne a can akwai tsarin horon soja a makarantun sakandare wanda dokar tsaro ta 1916 ta kafa, aka faɗaɗa shi a 1964, kuma yana gudana a makarantu fiye da 3,000. Tsofaffin soja ne ke koyarwa, yaro kuwa ba a tilasta masa shiga soja in ya gama. Dalilin da ya sa yake da tasiri a can shi ne manyan jami'o'insu ba maki kaɗai suke dubawa ba. Suna karanta wasiƙar da ɗalibi ya rubuta a kan kansa, da shaidar malamansa, da ayyukan da ya yi bayan aji. Saboda haka wanda ya shugabanci yara ɗari a fareti yana da labarin bayarwa, daidai da wanda ya shugabanci ƙungiyar muhawara ko ta ƙwallo. Bugu da ƙari, makarantar hafsoshinsu ta West Point ba a shiga sai wani mai iko ya gabatar da sunan yaro, galibi ɗan majalisar yankinsa, amma an ba waɗansu rukunan kadet da suka yi fice damar su gabatar da nasu. Wannan riba ce a fili. Sai dai ko a can ba a rasa ƙorafi ba. A ƙarshen 2022 jaridar New York Times ta buga binciken da ya nuna cewa a makarantu da dama ana tura yara cikin wannan horo ba da zaɓinsu ba, kuma yawanci a makarantun talakawa da baƙar fata abin ya fi yawa. Watau ɗan mai hali yana ajin kimiyya, ɗan talaka yana goge takalmi. Wannan ya kamata ya sa mu yi tunani kafin mu yi sha'awar kayan aro.

Mun ce kayan aro ne domin a muhawarar da muka yi a ɗakin kwananmu na Samaru, waɗansu abokanmu sun kawo shawara cewa ya kamata a riƙa ƙara wa ɗan kadet maki, ko da biyar ne ko goma, ladan horon da ya sha. Hujjarsu ba ta banza ba ce. Sun ce jami'a ta cika da masu ƙwaƙwalwa marasa tarbiyya, masu satar jarrabawa da 'yan ƙungiyar asiri, kuma yaron da aka koya wa ɗa'a da juriya da kula da na ƙasa da shi ya cancanci a san da zamansa. Mun yarda da rabin maganar. Mun zauna da irin waɗannan yara a aji, mun ga ba su makara, ɗakinsu a share, in an ba su amanar kuɗin ƙungiya sukan kawo lissafi. Wanda ya ce horon bai gyara kowa ba bai faɗi gaskiya ba.

Duk da haka ba mu goyi bayan ƙarin makin ba, kuma dalilinmu na farko yana cikin ganuwar nan. A zagaya makarantun da 'ya'yan birni ke zuwa, daga Babban Dodo zuwa Ƙofar Gayan, a ƙirga nawa ne ke da ƙungiyar kadet mai malami na gaske da kayan aiki. Sa'an nan a tambayi kuɗin kaki da takalmi da bel da hula, a gwada da abin da magini ko maɗinkin hula yake samu a wata. Yaron da ke tashi daga boko ya wuce makarantar zaure da la'asar, ko ya tafi taya mahaifinsa jiran rumfa, yaushe zai sami sukunin fareti? Ƙannenmu mata kuma fa? NDA kanta sai a 2011 ta fara ɗaukar mata, kuma kowa ya san gidaje nawa ne a birnin nan za su bar 'yarsu ta sa wando ta yi tattaki. In aka ce maki goma na mai kaki ne, an ɗauke shi ne daga hannun waɗannan, aka miƙa wa 'ya'yan bariki da na makarantun kwana masu tsada, waɗanda dama sun riga mu nisa. A kwas irin na likita ko lauya, inda maki ɗaya ke raba mai shiga da mai komawa gida, goma ba wasa ba ce.

Akwai kuma tambayar wa zai ba da shaidar. Makin JAMB, duk da aibinsa, ba a roƙonsa a zaure. Amma takardar da ke cewa wane ya yi kadet shekara uku, hannun mutum ɗaya ke sa ta. Ranar da aka ce tana da maki, ranar za ta sami farashi, kuma za mu wayi gari kowane ɗan mai kuɗi samanja ne. Yayyenmu ma'aikata da ke nan sun fi mu sanin abin da ke faruwa da takardar shaidar asalin ƙaramar hukuma idan lokacin ɗaukar aiki ya zo.

Dalili na ƙarshe ya fi nauyi a bakinmu, mu ɗaliban Samaru. Ƙasar nan ta taɓa gwada gyaran makaranta da kaki. A zamanin Janar Olusegun Obasanjo, wajen 1977 da 1978, an tura sojoji makarantun sakandare don su tsare ɗa'a, abin da ya jawo gardama mai yawa tsakanin malamai da iyaye, domin malami ya ga an kawo wanda bulalarsa ta fi allinsa daraja. A watan Afrilu na 1978 kuma aka yi rikicin da ake kira "Ali Must Go", bayan an ƙara kobo 50 a kan kuɗin abincin ɗalibi na yini. Kwamishinan Ilmi na Tarayya a lokacin, Kanar Ahmadu Ali, likita ne kuma soja, shi ne ma shugaban farko na hukumar yi wa ƙasa hidima da aka kafa a 1973. Sojoji suka shiga Samaru, aka rasa rayukan ɗalibai, aka soke ƙungiyar ɗalibai ta ƙasa. Ba mu kawo wannan don mu ɓata aikin soja ba. A cikinmu akwai 'ya'yan soja da ƙannen soja, kuma mun san waɗanda suka bar gawarsu a dajin Borno da na Birnin Gwari don mu kwana lafiya. Abin da muke nufi shi ne bariki da jami'a kowanne da irin tarbiyyar da yake nema. A fareti, in an ce dama, wanda ya tsaya tambayar dalili ya ɓata layi. A ɗakin lacca kuwa wanda bai taɓa tambayar dalili ba ya ɓata shekara huɗu. Jami'a tana iya karɓar mai biyayya da hannu biyu, amma ba daidai ba ne ta biya shi lada a bakin ƙofa saboda biyayyar.

Sauran magana a kan yaran Makarantar Soja, domin nasu al'amarin dabam ne da na ɗan kadet. Su tun suna 'yan shekara goma sha biyu ko kusa da haka ake ɗaukarsu, su yi shekara shida suna haɗa karatu da horo, su rubuta jarrabawar gama sakandare kamar kowa. Makarantar ta fitar da manyan mutane, irin su Tunde Idiagbon da David Mark da Buba Marwa, kuma irinta ta yaɗu: sojan sama sun buɗe tasu a Jos a 1980, maƙwabtanmu na Nijar ma suna da tasu a Yamai. Ta fuskar karatu ba a raina su, domin yaron da aka tsare masa lokacin barci da na nazari shekara shida ba zai rasa abin rubutawa ba. In sun ci jarrabawa da kyau, wannan tsari ne ya ba su, kuma halalinsu ne. Amma uban da zai kai ɗansa can da niyyar ya bi ta nan ya ɓulle Samaru ya karanta aikin lauya, ya sani cewa makarantar don rundunar soja aka gina ta. Wanda ya gama ya shiga aiki soja ne, soja kuwa ba ya ɗaukar jakarsa ya tafi jami'a don ya ga sunansa a allo, sai manyansa sun sake shi. In ya ci NDA, madalla, bayan shekara biyar ya fito da digiri da anini ɗaya, ba a karɓi ko kobo na kuɗin makaranta daga ubansa ba. In bai ci ba, yana iya samun kansa a bakin daga yana da shekara goma sha tara, sa'o'insa suna aji biyu a jami'a. Wannan shawara ce da ake yanke wa yaro tun bai san ciwon kansa ba, saboda haka ya wajaba mu da muka yi karatu mu karanta wa iyayenmu takardun kafin su sa hannu, mu fassara musu da Hausa, har da ƙananan rubutun da ke ƙasa.

In akwai abin da za mu roƙa a gyara, a nan yake. Muna ganin ya dace yaron da ya yi wa ƙasa wannan hidima tun yana ƙarami, in ya sami gurbi a jami'a da makinsa, a sauƙaƙa masa izinin tafiya karatu, kada takardarsa ta kwana a tebur har gurbin ya wuce. Muna kuma ganin ya dace shugabannin makarantun da ke da kadet su dakatar da fareti ga 'yan ajin ƙarshe daga zango na biyu, kamar yadda mai hankali ke sauke wa doki kaya in tsere ya gabato. Wannan ba ya bukatar doka daga Abuja, shugaban makaranta da ƙungiyar iyaye sun isa.

Shi kuwa ƙanen namu na Ƙofar Kuyambana, sakamakonsa ya fito. Ya sami kiredit shida, amma babu Lissafi, domin darasin ƙarin Lissafi da fareti rana ɗaya suke faɗawa, Talata da Alhamis da la'asar, shi kuma mai igiya biyu ba ya fashin fareti. Mun koma zauren muka ce, "Baba, igiyar nan ba ta da maki ko ɗaya. Ko sojan yake so, sai ya gyara Lissafi." Dattijon ya yi shiru, can ya ce, "To me ya hana ku faɗa mini tun wancan hutu?" Ba mu da amsa. Yaron zai sake zama a jarrabawar masu zaman kansu ta ƙarshen shekara, kuma biyu daga cikinmu da ke sashen Lissafi sun ɗauki nauyin zama da shi kowace Asabar da Lahadi bayan sallar azahar. Akwai sauran wuri a tabarmar, saboda haka duk mai ƙane ko ƙanwa da ke cikin irin wannan hali ya ba sakataren taro sunansa kafin a watse.

Shugaban taro, a nan za mu dakata, mu bar fili ga masu tambaya.